Hanya Ce Ke Shan Mai: Daga Ƙasar Rano Zuwa Zuba

Wanda zai tashi daga wani ƙauye a ƙasar Rano ya nufi Abuja, hanya iri huɗu zai taka. Akwai burji ta ƙaramar hukuma, akwai kwaltar jiha, akwai titunan cikin birnin Kano, sannan akwai tagwayen hanyar gwamnatin tarayya da ta ratsa Zariya da Kaduna ta sauka Zuba. Kowace kuma da irin abin hawan da ya iya da ita. Na bi su a jere cikin Fabrairun 2025, a kan hanyata ta komawa bakin aiki bayan bikin 'yar ƙanwata, lokacin da litar fetur ke kai-kawo a kusa da naira 1,000. A irin wannan tsada ba sai ka tambayi direba lissafin mai ba. Kana zama zai fara karanto maka shi, ko ka so ko ka ƙi.

Da sanyin safiya, hazo bai gama ɗagawa ba, wani saurayi ɗan acaɓa daga cikin 'ya'yan dangi ya zo ɗaukata a kan Boxer. Mota ba ta shiga ƙauyen sai in an yi mara lafiya ko za a kai amarya, shi ma sai an sha ciniki. Kafin mu bar gari muka tsaya wurin mai bumburutu a gindin wata darbejiya. Ɗan teburi ne aka jera wa kwalaben lemo cike da fetur, ga jarka biyu a ƙarƙashi an lulluɓe su da buhu saboda rana. Mazurarinsa gorar roba ce aka yanke, aka ɗaure bakinta da ƙyallen atamfa don tace datti. Ya tsiyaya kwalba ɗaya cikin tanki, ya girgiza ta har ɗigon ƙarshe, don yaron ya kafa masa ido ko ƙiftawa ba ya yi. Kuɗin da ya karɓa ya fi na gidan mai a Kano, kwalbar kuma ba ta cika lita ba. Ba mugunta ce zalla ba. Shi ma a kan babur ya ɗauko man daga gari, sai da ya ƙona mai kafin ya kawo mai.

"Kawu, riƙe ni da kyau, akwai yashi a gaba," in ji yaron.

Nisan bai fi kilomita 15 ba, amma mun ci kusan awa guda. Inda yashi ya yi zurfi sai ya sauke ƙafafu yana dogarawa, tayar baya tana haƙa rami tana watsa mana ƙura. A wani wuri ruwan damina ya cinye gefen kwalbati, ya bar kwazazzabo, dole na sauka na bi a ƙasa, shi kuma ya zagaya ta cikin gonar da aka girbe. Tun fitowarmu ban ji ya wuce giya ta biyu ba. Injin yana ta kururuwa, tafiya ba ta ci.

"Kwalbar nan da ka gani, Kawu, in a kwalta ne ta kai ni ta dawo da ni. A nan kuwa zuwa kawai, sai ɗan ragowa."

Gaskiyarsa. Irin waɗannan babura a kan kwalta mai kyau sukan yi kilomita 40 ko fiye da lita ɗaya. A ƙaramar giya injin yana juyawa da yawa amma taya tana juyawa kaɗan, yashi kuma yana riƙe ta, ga tsayawa da tashi ba iyaka. In an ɗora kaya, da ƙyar litar ta kai kilomita 25. Ranar kasuwa ce, saboda haka muka yi ta tarar da babura ɗauke da buhunan masara bibbiyu, ɗaya a kan tanki, ɗaya a baya, mai babur ya matse a tsakiya haɓarsa na dukan buhu. Haka amfanin gonar yankin ke fita, buhu biyu-biyu.

Irin wannan hanya ita ce mafi yawa a ƙasar nan. An ƙiyasta tsawon hanyoyin Najeriya a kan kilomita 195,000. Na gwamnatin tarayya bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba, na jihohi ma kusan haka, sauran kusan kashi biyu cikin uku kuwa na ƙananan hukumomi 774 ne, kuma galibinsu ba su taɓa ganin kwalta ba. Mafi yawan motoci a kan ƙaramin kason nan na tarayya suke gudu. Mafi yawan manoma kuwa a bakin babban kason suke zaune.

A garin da kasuwa ke ci na shiga Golf mai zuwa Kano. Mutum biyu a gaba ban da direba, huɗu a baya, but a buɗe an ɗaure buhuna da igiya har bayan motar ya kusa shafar ƙasa. Wani fasinja ya ce akwai yanke ta cikin ƙauyuka da zai rage mana nisa. Direban, dattijo mai furfura a gemu, ko waiwayowa bai yi ba.

"Ɗana, hanyar lafiya a bi ta da shekara. Abin da na rage a nisa zan biya a mai, in ƙara da kuɗin makanike."

Muka bi kwalta ta Bunkure. Hanya ce mai falle ɗaya, inda take da kyau ya ba ta wuta, inda ta farfashe ya koma gefe yana lallaɓawa a bayan a-kori-kura da Kanta masu lodin kasuwa. Abin da na lura da shi shi ne, duk inda ya hango gangare sai ya fitar da giya ya bar motar ta tafi da kanta, wani lokaci har ya kashe ta. Direbobin haya da dama sun koma haka tun da mai ya yi tsada. Abin da ake ragewa bai taka kara ya karya ba, haɗarin kuwa babba ne, domin in injin ya mutu birki yakan yi tauri a daidai lokacin da ake nemansa. Na faɗa masa. Ya ce, "Malam, Allah ke tsarewa," ya sake tayar da ita da giya. A Karfi muka hau babbar hanya, masu gasa masara suna miƙo hannu ta taga.

Cikin Kano kuwa mulkin A Daidaita Sahu ne. Tun Janairun 2013 da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birni, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, mai ƙafa uku ya gaji titi. Wanda ya ɗauke ni daga Na'ibawa yaro ne da bai wuce shekara 25 ba, kuma hannunsa ba ya nisa da makulli. Danja ta tsayar da mu, ya kashe. Gosulo ya riƙe mu, ya kashe. Ya ce kafin ya ga ko sisi nasa sai ya fitar da balas ɗin mai keke, ya fitar da kuɗin mai, ya yanki tikiti, kuma abin da ya fi cinye shi ba nisa ba ne, yawon neman fasinja ne da tsayuwa a cunkoso. Titin birni shimfiɗaɗɗe ne, babu yashi, babu kwazazzabo, amma shi ma yana da nasa salon shan mai. Duk lokacin da aka taka birki, ƙarfin da aka saya da fetur ya tafi a banza, sai an sake saye kafin a tashi. Injin da ke aiki mota na tsaye kuwa yana ƙona mai a kan tafiyar da ba a yi ba. Shi ya sa motar gida da ke kai yara makaranta ta wuce ofis takan fi shan mai a kowace kilomita fiye da in an ɗauke ta an yi doguwar tafiya.

Na kwana a Kano. Bayan sallar asuba na nufi tashar Unguwa Uku, na tarar Sharon ce a kan layi, 'yan kamasho suna ta "Abuja mutum biyu, Abuja mutum biyu," alhali saura huɗu. Kamfanin Volkswagen ya ƙera ta don mutum 7, amma mu 9 aka zuba ban da direba. Na samu gaba, ni da wani malamin makaranta. A baya akwai wata Hajiya mai kai atamfofi da turare kasuwar Wuse, da ɗalibai, da wani tsoho mai zuwa asibiti. Sai da aka tattara kuɗinmu sannan direba ya shiga gidan mai. Ya fito ya tsaya a kan mai famfo, idonsa a kan mita, ya sa aka zuba lita 50 daidai.

"In hanya ta yi kyau, wannan ya kai mu da saura," ya ce da ni. "In ba ta yi ba, sai mun ƙara a Tafa."

Hanyar Kano zuwa Zariya yanzu abin sha'awa ce. Ɓangare ne na babbar hanyar A2, wadda ta taso daga Fatakwal ta ratsa Lakwaja da Abuja ta wuce Kano har Daura. A ƙarshen 2017 gwamnatin tarayya ta ba da kwangilar sake gina kilomita 375 daga Zuba zuwa Kano, aka kasa aikin gida uku: Abuja zuwa Kaduna kilomita 165, Kaduna zuwa Zariya 73, Zariya zuwa Kano 137. A Mayun 2023 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da abin da aka kammala tsakanin Kaduna da Kano. A kan wannan shimfiɗa direbanmu ya sa giya ta biyar ya manta da ita. Muka wuce Kura da injinan casar shinkafarta, muka shiga Kadawa inda ruwan madatsar Tiga ya mayar da rani damina, kore shar hagu da dama. A Kwanar Gafan kakar tumatir ta kankama, ana ta ɗora kwanduna a kan manyan motoci masu tafiya Legas da Fatakwal.

Ya tsayar da allurar gudu tsakanin 90 da 100, bai ƙara ba. Hajiya ta leƙo daga baya.

"Direba, yau lafiya? Da can ai kafin mu gama gaisawa mun isa Zariya."

"Hajiya, da can mai naira 190 ne. Yanzu in na haura 120, allurar mai da idonki za ki ga tana sauka."

Abin da ya gano da aljihunsa, injiniyoyi sun daɗe da aunawa. Turjiyar da iska ke yi wa mota ba daidai da gudu take ƙaruwa ba. In gudu ya ninka biyu, turjiyar ninki huɗu take yi. Yawancin ƙananan motoci sun fi tsimin mai tsakanin kilomita 60 da 90 a awa. Dokar hanya da Hukumar Kiyaye Haɗurra ke aiki da ita ta ce a tagwayen hanya motar gida kada ta wuce 100, motar haya 90, tirela da tanka 60. Hukumar tun 1988 take wa'azin rage gudu. Abin da wa'azi bai gama yi ba, tsadar mai ta taya shi.

Bayan Kwanar Ɗangora wasu jip-jip baƙaƙe suka wuce mu fuu, jiniya na kuka, gilasai a rufe ruf. Malamin da ke gefena ya ciro biro ya juya bayan ambulan. Mu 9 za mu raba lita 50, kowa ya tashi da lita 5 da rabi. Direba ya ce Homa mai ɗaukar mutum 18 takan sha wajen lita 65 a wannan tafiya, wato kowane fasinja bai kai lita 4 ba. Babbar jip mai silinda takwas, da esi a kunne da irin wannan gudu, ba za ta gaza lita 70 ba, kuma sau da yawa maigida ne kaɗai a baya. Motar da ta fi ɗaukar fasinja a cikin ukun ita ce mafi arha a kan kowane kai, muddin ta cika.

Daga nan hira ta koma lissafin shekara. Direban ya ce in kasuwa na ja, yakan je ya dawo sau uku a mako. Malam ya buga: sawu 6, kowane wajen kilomita 430 in an haɗa da shiga gari, ya kama kilomita 2,580 da lita 300 a mako. Aka cire makonnin gareji da na Sallah da na rashin fasinja, aka bar 45. Ya tashi kilomita 116,000 da lita 13,500 a shekara, wato naira miliyan 13 da rabi a mai kawai. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafi a jawabinsa na kama mulki, wannan man bai kai na miliyan 3 ba. Malam ya yi dariya ya ce tasa motar, da ya jingine a gida ya rufe da tampol, abin da take yi a shekara Sharon ɗin nan a wata guda take gamawa. Ƙidayar motoci ba ta nuna inda mai ke tafiya. Motar haya ɗaya tana shan abin da motocin gida goma ke sha.

Muka haye gadar Kwangila a Zariya, muka wuce Jaji da Birnin Yero, muka tsaya a Mararrabar Jos don cin abinci. Nan duniyar manyan motoci ce. Daf da Howo da Mack sun jeru gefe da gefe har sun ci rabin titi, ƙasa ta yi baƙi da tsiyayar mai, masu faci da makanikai da masu shayi kowa na sha'aninsa. A rumfar mai tuwo na zauna kusa da wani direban tirela, ƙaton mutum mai tattausar murya, yaron motarsa na can ƙarƙashi yana ɗaure wani abu da waya. Masara ya ɗauko daga Dawanau zai kai Ibadan.

"Alhaji, buhu nawa ke kanta?"

"A takarda 300 ne," ya ce, ya ci gaba da cin tuwonsa.

Ya nuna mini tankunan gas biyu da aka ƙara mata, ɗaya kowane gefe, kowanne da kwaɗo. Ya ce da cikakken lodi lita ɗaya kilomita 2 take kai shi, in hanya ta yi kyau ta ɗan ɗara. Zuwa Legas, tafiyar kilomita 1,000 da ɗoriya, sai ya tanadi lita 500 zuwa sama, kuma litar gas ta haura naira 1,000. Su dama ba su san daɗin tallafi ba, don an daɗe da sakar wa kasuwa farashin gas. Wanda ya ji lita 500 zai ce ai tirela ce sarkin shan mai. Amma lita ɗaya a cikinta tana ɗaukar buhu 300 ta kai su kilomita 2, daidai da a ce buhu ɗaya ya yi kilomita 600. Lita ɗaya a babur ɗin ƙauyenmu tana ɗaukar buhu 2 ta kai su kilomita 25, daidai da buhu ɗaya ya yi kilomita 50. Ninki 12 ke nan. Man da buhun masara ya ci a kilomita 15 na farko, daga gona zuwa kasuwa, ya isa ya kai shi kilomita 180 a bayan tirela, daga Kano ya wuce Zariya ya doshi Kaduna. In aka haɗa da komawar babur gida ba kaya, abin ya kusa ninkawa. Kuma wannan kuɗi ba ɗan kasuwar Ibadan ne ke biya ba. Daga farashin da ake yi wa manomi a bakin gona ake zabge shi.

Sai dai tirela tana da nata bashin da ba ta biya a gidan mai. Tsakanin 1958 da 1960 an yi wani babban gwaji a jihar Ilinoi ta Amurka, inda aka yi ta zagaya manyan motoci masu nauyi daban-daban a kan tituna har suka farfashe. Abin da aka gano shi ne, in nauyin da ke kan gatarin mota ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa titi tana ninkawa kusan sau 16. Saboda haka buhunan da ba sa cikin takarda su ne ke cin kwalta, ba dubban Golf da Sharon ba. A da ba titi ke ɗaukar wannan nauyi ba. Tun 1911 layin dogo ya iso Kano, kuma a kansa dalar gyaɗa ta riƙa sauka Legas. Da jirgin kaya ya ja baya, siminti da hatsi da shanu da taki duk suka hau kwalta.

Mun ga sakamakon da idonmu bayan mun zagaye Kaduna mun fita ta Gonin Gora. Wannan ɓangare na kilomita 165 shi ne bai samu kammaluwa ba a lokacin. A ƙarshen 2024 aka soke kwangilarsa, aka sake ba da ita a kan za a yi shi da kankare. Daga Kakau zuwa Rijana da Katari, wuraren da a shekarun baya direbobi ba sa son yamma ta yi musu saboda masu garkuwa da mutane, mun yi ta sauka daga wannan hannu muna hawa wancan. A wasu wuraren tayoyin manyan motoci sun tona kwari biyu a cikin kwalta, tsakiya ta yi tozo, direbanmu yana karkata motar don kada cikinta ya daki ƙasa. Giya ta biyar ta zama tarihi. Daga ta biyu sai ta uku, sai birki, sai a koma ta ɗaya. Kusa da Jere wata tirela ta lalace a inda hanya ta koma falle ɗaya, muka tsaya cik. Ya kashe mota, zafi ya taso, tsohon da ke baya ya fara tari saboda hayaƙin gas ɗin da ke gabanmu, Hajiya ta miƙa masa ruwa tana "Sannu Baba, sannu."

Direba ya ƙwanƙwasa gilashin allurar mai da farce.

"Malam, duba nan. Daga Kano zuwa Kaduna ya fi nan nisa, amma abin da na ƙona daga Kaduna zuwa nan ya kusa kamo shi, kuma ba mu isa ba. Mota ɗaya, direba ɗaya, mai ɗaya. To wa ya sha?"

A Tafa ya ƙara lita 10. Garin cike yake da tankokin mai, wasu ɗauke da kaya sun nufi Arewa, wasu wayam suna komawa Kudu. Ganinsu a jere yana tuna wa mutum cewa shi kansa man fasinja ne a wannan hanya. Ƙasar nan tana da bututun mai na fiye da kilomita 5,000 da aka shimfiɗa don kai fetur manyan ma'ajiyoyi irin na Suleja da na Hotoro a Kano, ga matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 mai iya tace ganga 110,000 a rana. Fasa bututu da rashin gyara sun sa yawancinsu sun daina aiki, matatar ma ta shafe shekaru ba ta tacewa. Matatar Dangote da ta fara fitar da fetur a Satumban 2024 kuwa a Lekki take, bakin teku. Don haka kusan duk litar da aka zuba a Kano sai da ta yi tafiyar kilomita 1,000 a bayan tanka mai ƙona gas. Shi ya sa da aka janye tallafi, farashin farko da kamfanin NNPC ya fitar ya kasance naira 488 a Legas, 537 a Abuja, 540 a Kano, 557 a Maiduguri. Nisa ya shiga cikin farashi.

Hukumar da ke kula da rarraba mai ta ce kafin janye tallafi ana fitar da fiye da lita miliyan 60 na fetur a rana, bayansa abin ya sauko zuwa wajen miliyan 50. Wani ɓangare na ragin motocin da aka jingine ne, wani kuma wanda a da ake tsallakawa da shi Nijar da Benin da Kamaru. Ba duka ne ke shiga mota ba, janareto ma na da kasonsa. Amma ko miliyan 50 ɗin, in aka raba shi a tankoki masu cin lita 45,000, ya haura tanka 1,100 a kowace rana ta Allah, a shekara kuma lita biliyan 18 da ɗoriya.

Da muka iso mahaɗar Dikko motar ta yi tsit. Wata guda kafin wucewarmu, ranar 18 ga Janairu, wata tanka mai lita 60,000 ta kife a nan, jama'a suka taru kwasar mai, wuta ta tashi, fiye da mutum 80 suka rasu. Ƙasar wurin har lokacin baƙa ce, ga ƙonannun rumfuna a gefe. Watanni uku kafin nan, a Oktoban 2024, irin haka ta faru a Majiya ta Jihar Jigawa, inda aka rasa fiye da mutum 150. Tsohon da ke baya ya ɗaga hannu ya yi musu addu'a, muka shafa. Bayan waɗannan ne aka hana tankoki masu lita 60,000 yin lodi daga 1 ga Maris 2025.

Muka wuce Gauraka, Dutsen Zuma ya tsaya a gabanmu, muka gangara Madalla muka shiga Zuba da la'asar. Tafiyar da ya kamata ta ƙare kafin azahar ta cinye yini. Direba ya sauke mu, ya ce zai kwana a tasha ya jira layi, don komawa Kano da rabin fasinja yanzu asara ce tsagwaronta.

A lokacin, maganar da ake yi a Abuja ta iskar gas ce. Ana ta juya injinan motocin haya su koma amfani da ita, ana kuma jiran bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614, wanda aka fara a 2020. Wannan zai rage wa mai Sharon da mai A Daidaita Sahu nauyi in gidajen sayar da ita sun yawaita a Arewa. Amma sauya abin da ake zubawa a tanki ba ya cike rami, ba ya hana lodin da ya wuce kima, ba ya mayar da siminti kan dogo. Farashin lita kasuwar duniya da darajar naira ke yanke shi, ba mu da ta cewa sosai. Yawan litar da tafiya za ta ci kuwa a hannunmu yake: a kammala Kaduna zuwa Abuja, a sa ma'aunin nauyi a inda manyan motoci ke lodi, a gyara bututu. Mafi arha a cikinsu duka, kuma mafi saurin biyan kansa, shi ne kwalbati da jar ƙasa a hanyar ƙauye, yadda Kanta mai ɗaukar buhu 50 za ta shiga inda yau babur kaɗai ke shiga. Wannan ba sai an jira Abuja ba. Aikin shugaban ƙaramar hukuma ne da kansilansa, kuma su ne masu mulkin da manomi ya san ƙofar gidansu.